Kuɗin Ƙofa da Rabon 'Yan Wasa: Sharhi a kan Kundin La Grange na Ƙungiyar Molière, 1659-1685

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da aka ba aikin nazarin wasan kwaikwayo ya san hanyar da zai bi tun kafin ya buɗe littafin. Zai fito da jigo ya warware shi, ya dubi zubi da tsari, ya lissafa 'yan wasa, sa'an nan ya rufe da salo da sarrafa harshe. Da wannan ma'auni aka sha auna Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, kuma ma'aunin ya yi amfani. Sai dai akwai tambayar da ba ya amsawa, domin ba ya yin ta: wa ya biya kuɗin wasan, nawa aka samu, kuma yaya aka raba?

Wani na iya cewa wannan tambaya ta 'yan kasuwa ce, ba ta manazarta adabi ba. Wannan takarda ba ta yarda da haka ba. Waƙa ko ƙagaggen labari mutum ɗaya na iya zama a ɗakinsa ya rubuta, amma wasan kwaikwayo ba ya tashi sai da jama'a: 'yan wasa, da dandamali, da sutura, da fitila, da mai tsaron ƙofa, kuma kowane ɗayansu yana da ciki yana da iyali. Abin da ya shiga asusu jiya yana da hannu a cikin abin da za a nuna gobe. Don a ga haka a fili, an ɗauko misali daga nesa, wato ƙungiyar Molière ta birnin Paris a ƙarni na 17. Dalilin zaɓen shi ne ƙungiyar ta bar abin da ƙungiyoyi kaɗan suka bari, wato littafin lissafi da za a iya ajiyewa kusa da wasannin a bi su rana-rana. Takardar za ta dubi wannan littafi a matsayin matani, ta ga abin da yake koya wa mai nazari, da kuma wuraren da yake iya ɓatar da shi.

2.0 Kundin da Mai Kundin

Charles Varlet, wanda aka fi sani da La Grange, ya shiga ƙungiyar a hutun Ista na 1659, kimanin wata 6 bayan ta dawo Paris daga yawon larduna na shekara 13. Shi ne mai fitowa a matsayin saurayi mai neman aure a yawancin wasannin, kuma a 1664 Molière ya bar masa aikin shela, wato fitowa a ƙarshen wasa ya yi wa 'yan kallo godiya ya sanar da su abin da za a nuna nan gaba. Mutum ne mai tsanaki da son tsari, kuma hakan ya bayyana a kundinsa. Kowane layi yana ɗauke da rana, da sunan wasa, da kuɗin da aka samu a ƙofa, da abin da ya faɗo a hannun mai kaso ɗaya. A gefen shafi yakan yi 'yan alamomi masu launi, shuɗi ga abin farin ciki kamar aure, baƙi ga mutuwa. An fara buga kundin a 1876, kuma asalinsa yana ajiye a gidan wasa na Comédie-Française.

Akwai abin da ya kamata a riƙe tun daga farko. Wannan ba shi ne littafin ma'ajin ƙungiya ba. La Grange da kansa ya kira shi tsakure, wato abin da ya kwafo daga manyan littattafan ƙungiyar don amfanin kansa. Daga cikin waɗancan manyan littattafai na zamanin Molière, waɗanda suka tsira su ne na La Thorillière, tsakanin 1663 da 1665, da na Hubert na 1672 zuwa 1673. A cikinsu ne ake ganin ɗawainiyar kullum dalla-dalla.

Kuɗin zamanin ba zai ba Bahaushe wahala ba. Livre ɗaya sou 20 ne, sou ɗaya kuwa denier 12, daidai da yadda fam da sule da kwabo suke a Nijeriya kafin zuwan naira a 1973. Ma'anar kalmar livre ma fam ce. Saboda haka za a riƙa cewa fam da sule a nan don sauƙi, amma a tuna cewa darajarsu ba ɗaya ba ce da ta fam ɗin Ingila. Ma'aunin da zai taimaka shi ne kuɗin shiga: mai kallo a tsaye a tsakar zaure sule 15 yake biya, idan kuma sabon wasa ne mai farin jini sai a ninka ya koma 30.

3.0 Masu Kaso da 'Yan Ƙwadago

Shafin farko na kundin ya nuna yadda ƙungiyar take a 1658: kaso 10 da ɗan ƙwadago ɗaya, wani mai suna Croisac, wanda ake biya fam 2 a yini. Wannan layi ɗaya ya ƙunshi dukkan tsarin. Mai kaso ba shi da albashi, abokin tarayya ne. Samuel Chappuzeau, a littafinsa na 1674 kan gidajen wasan Faransa, ya bayyana yadda ake yi: da zarar an tashi daga wasa sai 'yan ƙungiya su zauna, a ƙirga kuɗin ƙofa a gabansu, a fitar da ɗawainiyar ranar, a raba sauran nan take. Ɗawainiyar ta haɗa da kyandir, da masu sayar da tikiti, da masu tsaron ƙofa, da makaɗa, da mai kwafe takardu, da masu gyara dandamali. Har da sadaka ga wasu 'yan zuhudu na ɗariƙar Kafucin, waɗanda su ne masu taimakawa idan gobara ta tashi, abin da ba a rasa shi a zauren da ake haskawa da kyandir.

Ke nan ɗan ƙwadago shi ake fara sallama, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, mai kaso kuwa shi ke ɗaukar riba da asara. Akwai ranakun da La Grange ya rubuta cewa ba a raba komai ba. Amma idan aka haɗa shekara, tazarar ba ƙarama ba ce. La Grange ya tara jimlar abin da ya karɓa daga shigarsa ƙungiyar zuwa mutuwar Molière, shekara 14, ya sami fam 51,670, wato kimanin fam 3,700 a shekara. Croisac kuwa, ko da a ce kowace rana ta Allah ana biyansa, bai wuce fam 730 ba, kuma a hutun Ista na 1659 aka sallame shi. Sai dai kada a ɗauka duk abin da mai kaso ya karɓa riba ce. Shi ke ɗinka suturarsa ta wasa. La Grange ya rubuta cewa sarki ya ba shi fam 2,000 don suturar wasannin fada, amma sai da ya ƙara fiye da wasu 2,000 daga aljihunsa.

Abu biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, mata suna karɓar cikakken kaso daidai da maza. Madeleine Béjart da Catherine de Brie da Marquise du Parc duk masu cikakken kaso ne, a lokacin da gidajen wasan Landan ba su fara barin mace ta hau dandamali ba sai a 1660. Na biyu, shugaban ƙungiyar kansa kaso ɗaya yake karɓa kamar kowa har zuwa 1661, lokacin da ya nemi a ƙara masa ɗaya, nasa ko na matarsa idan ya yi aure. Aka amince, kuma a Fabrairun 1662 ya auri Armande Béjart, kason ya koma nata.

Wannan ya sha bamban da abin da aka sani a ƙungiyar makaɗan Hausa, inda kyauta ke zuwa da sunan uban kiɗa, riga ce ko doki ko mota, shi kuma ya raba wa 'yan amshi da masu kiɗa gwargwadon yadda ya ga ya dace. Ya kuma bambanta da ƙungiyoyin wasan Yarabawa masu yawo, irin ta Hubert Ogunde ko ta Oyin Adejobi da Karin Barber ta yi nazari a littafinta na shekarar 2000, inda maigida ke da ƙungiya da kayanta, sauran kuwa iyalinsa ne ko yaransa. Idan ana neman abin da ya fi kusa da tsarin kaso a ƙasar Hausa, wataƙila sai a koma ga yara 'yan tashe, masu tara abin da suka samu a dararen azumi su raba a tsakaninsu. Bambancin yana da tasiri a kan adabin kansa. Uban kiɗa ba ya neman izinin 'yan amshi kafin ya tsara waƙa. Molière kuwa dole sai abokan tarayya sun karɓi wasa kafin a kashe masa sule ɗaya, domin kuɗinsu ne.

Hakkin marubuci ma a nan yake fitowa. Hanya biyu ce: ko a saye wasa baki ɗaya, kamar yadda aka biya Pierre Corneille fam 2,000 a kan Attila a 1667, ko a ware wa marubuci kaso daga cinikin kowace rana muddin wasan yana sabo. A Disamban 1665 ƙungiyar tana cikin nuna Alexandre na Jean Racine, sai ga shi ana nuna wasan a gidan abokan gasarta na Hôtel de Bourgogne, da sanin marubucin. La Grange bai yi dogon surutu ba. Ya rubuta cewa ƙungiyar ta ga ba ta da wani kaso da za ta ba Racine, sai 'yan wasa 12 suka rabe shi a tsakaninsu. Littattafan tarihin adabi sukan ba da labarin rabuwar Molière da Racine kamar rikicin manyan marubuta biyu. A kundin kuwa, cin amanar ciniki ne da aka hukunta da hana kuɗi.

4.0 Jerin Masu Kaso da Jerin Taurari

A nan ne kundin ya fi amfanar mai nazarin adabi. Idan aka ɗauki jerin masu kaso na wata shekara aka ajiye kusa da jerin taurarin wasan da aka rubuta a shekarar, sai a ga ɗaya ya hau kan ɗaya.

A hutun Ista na 1659 sababbin mutane sun shigo: La Grange, da Du Croisy, da wani tsohon ɗan barkwanci mai suna Jodelet, wanda duk Paris ta san shi da shafa gari a fuska. Wata 7 bayan haka, a ranar 18 ga Nuwamba, aka nuna Les Précieuses ridicules. Samari biyun da ke cikin wasan sunayensu La Grange da Du Croisy, baran da ya yi shigar basarake kuwa sunansa Jodelet, har ana yi masa ba'a a kan farin fuskarsa. Wato Molière bai ma wahalar da kansa wajen sake musu suna ba. Ranar farko an sami fam 533, kowane kaso ya tashi 43. Da aka dawo da wasan ranar 2 ga Disamba aka ninka kuɗin shiga, aka sami 1,400, kaso ya tashi 121. Daga wannan rana ƙungiyar da ta iso Paris da burin yin suna a wasannin ban tausayi ta ga inda abincinta yake.

Haka abin ya ci gaba. Louis Béjart gurgu ne, saboda haka baran da ya fito a matsayinsa a L'Avare na 1668 ubangidansa na zaginsa da gurguntaka. Molière yana fama da tari, sai ya sa tarin a bakin Harpagon, marowacin da shi kansa ya fito a matsayinsa, har wata dillaliya tana yaba masa iya tari. A 1670 aka ɗauki Jeanne Beauval, mace mai saurin dariya, sai ga baiwa Nicole a Le Bourgeois gentilhomme ta shigo dandamali tana ƙyaƙyata dariya ta kasa tsayawa. Le Misanthrope na 1666 yana da manyan taurari mata 3, kuma a lokacin ƙungiyar tana da manyan 'yan wasa mata 3 da babu wadda za a bari a zaune. Mai kaso yana karɓar rabonsa ko ya fito ko bai fito ba, saboda haka barinsa a zaune asara ce.

Mai nazarin da bai san wannan ba zai iya cika shafi biyu yana neman ma'anar gurguntakar baran Harpagon, ya ce alama ce ta naƙasar al'umma. Ba laifi ba ne a nemi ma'ana, amma ya kyautu a fara sanin cewa ƙafar ɗan wasan ce ta riga alƙalamin marubucin. Gwanintar Molière tana cikin yadda ya mayar da dole ta zama ado. Ɗalibin Hausa bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. Usman Baba Pategi tsohon soja ne kafin ya zama Samanja, kuma Hausar bariki da ya shahara da ita daga can ya zo da ita. Finafinan Rabilu Musa Ibro da yawa sunansa ne a kan kwali kafin a san labarin da ke ciki.

5.0 Farashin Hani, da Tambayar Wa Ke Ciyarwa

Labarin Tartuffe sananne ne: wasa ne kan munafuki mai fakewa da addini ya ci dukiyar mutane, an nuna shi a fadar Versailles a Mayun 1664, aka hana nuna shi ga jama'a. Abin da kundin ya ƙara shi ne farashi. Ranar 5 ga Agusta 1667, sarki yana wurin yaƙi, ƙungiyar ta fito da wasan da sabon suna, L'Imposteur, ta sami fam 1,890. Kashegari shugaban majalisar shari'a ta Paris, Lamoignon, ya aiko da hani. Aka tashi La Grange da La Thorillière su kai wa Sarki Luwi na 14 kuka a sansaninsa na Lille. Tafiyar ta ci fam 1,000, ba su dawo da izini ba, kuma gidan wasa ya zauna a rufe har 25 ga Satumba. Tun da Talata da Juma'a da Lahadi ake wasa, mako 7 ya kai asarar wasa kimanin 20. Da aka ɗage hanin, ranar 5 ga Fabrairu 1669, aka sami fam 2,860, cinikin da ƙungiyar ba ta taɓa yin irinsa ba. Hanin da ya jawo asara shi ne kuma ya yi wa wasan talla na shekara 5. Duk wanda ya tuna dakatar da ɗaukar fim da aka yi a Kano na wasu watanni daga 2007 ya san cewa masu ƙaramin ƙarfi, 'yan ƙwadagon sana'ar, su ne ba sa iya jira har ranar da riba za ta dawo.

Dom Juan ma yana da alaƙa da wannan gibi. Ƙungiyar ta rasa wasan da ta dogara da shi, sai ta koma ga labarin da aka san yana jan jama'a, mai gunki mai tafiya da wutar jahannama a ƙarshe. Akwai takardar yarjejeniya ta ranar 3 ga Disamba 1664 da masu zanen labulen dandamali, wadda ta nuna an tsara wuraren da wasan zai gudana fiye da wata 2 kafin a fara nuna shi ranar 15 ga Fabrairu 1665. Manazarta sun daɗe suna mamakin yadda wasan ke tsalle daga fada zuwa bakin teku zuwa daji zuwa kabari, ya karya ƙa'idar wuri ɗaya da marubutan zamanin ke bi. Wani ɓangare na amsar yana cikin wannan takarda: canjin wurin shi ne hajar da ake sayarwa.

Sai kuma batun fada. Ana yawan cewa Molière ɗan wasan sarki ne, kuma gaskiya ne cewa a Agustan 1665 Luwi na 14 ya karɓi ƙungiyar ya sa mata sunansa, ya yanka mata fam 6,000 a shekara. Amma a raba 6,000 gida 12, kowa fam 500 ne, wato kimanin ɗaya bisa bakwai na abin da mai kaso ke samu a shekara. Ko da an haɗa da kyaututtukan bukukuwan fada, waɗanda ba ƙanana ba ne, ƙungiyar ba za ta rayu ba tare da ƙofar birni ba. Ubangidanta na farko ma, ƙanen sarki, ya yi alkawarin fam 300 ga kowane ɗan wasa, La Grange ya rubuta a gefe cewa ba a taɓa biya ba. Abin da fada ta fi bayarwa shi ne inuwa da wurin zama. Shi ya sa wasannin ke magana da harshe biyu, suna yi wa fadawa ba'a don mai sule 15 ya yi dariya, amma ba sa taɓa sarki. A ƙarshen Tartuffe ɗan saƙon sarki ne ya zo ya warware komai.

6.0 Inda Kundin ke Ɓatar da Mai Nazari

Ba duk abin da adadi ya nuna ba ne gaskiyar adabi. Le Misanthrope, wanda da yawa suke ganin ya fi dukkan wasannin Molière zurfi, ya buɗe da fam 1,447 ranar 4 ga Yuni 1666, daga nan ciniki ya yi ta raguwa. Psyché kuwa, wasan waƙa da raye-raye da na'urorin saukar da alloli daga sama, wanda shirya shi a 1671 ya ci fam 4,359, ya cika zaure watanni, ga shi yau ba kasafai ake nuna shi ba. Wanda ya mayar da kuɗin ƙofa ma'aunin inganci zai yanke hukunci a juye. Wanda kuma ya ce 'yan kallo sun ƙi Le Misanthrope don ya fi ƙarfin hankalinsu, shi ma ya yi gaggawa, domin an buɗe shi a bazara, lokacin da ciniki kan ja baya, kuma fada tana cikin makokin uwar sarki da ta rasu a Janairun shekarar.

Na biyu, kundin yana yin shiru a inda aka fi bukatar maganarsa. An nuna Dom Juan sau 15, wasu ranakun ciniki ya haura fam 2,000, bayan hutun Ista kuma ba a sake nuna shi ba har Molière ya mutu. La Grange bai faɗi dalili ba. Manazarta da yawa sun cike gurbin da cewa an hana shi a asirce, wasu na baya-bayan nan kuma suna ganin babu takardar da ta tabbatar da haka. Darasin ga ɗalibi shi ne ya rarrabe abin da shafi ya faɗa da abin da masu sharhi suka ɗora masa. Haka nan, shafukan farko suna ba da labarin 1658, lokacin da La Grange bai shiga ƙungiyar ba, saboda haka ji ya yi ba gani ba. Kuma mutum ne mai kishin ubangidansa, yana cikin waɗanda suka tattara ayyukan Molière aka buga a 1682. Natsuwar alƙalaminsa tana sa a ɗauka ba shi da ɓangare, alhali kuwa yana da shi.

7.0 Waiwaye Gida

Idan aka zo da wannan tambaya kan wasan kwaikwayon Hausa, abu na farko da za a lura shi ne mafi yawansa bai rayu da kuɗin ƙofa ba. Makaranta ce ta reni shi, sai rediyo, sai talabijin. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi a rediyo suka fara kafin su zama littafi. Samanja da Karambana na Ƙasimu Yero gidajen watsa labarai na gwamnati a Kaduna ne suka ɗauke su. A Nijar, ƙungiyoyin da Janet Beik ta yi nazari a littafinta na 1987 sun bunƙasa ne a inuwar samariya da gidan rediyon ƙasa a zamanin Seyni Kountché. Idan hukuma ce ke biya, ba abin mamaki ba ne a tarar jigon wayar da kai da gyaran hali ya mamaye fagen, tun daga batun tsafta a Wasan Marafa. Ana yawan bayyana wannan da cewa halin adabin Hausa ne son koyarwa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba.

Shaida kuwa ita ce abin da ya faru da aka canza mai biya. Daga 1990, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset, mai sayen kaset ya zama shi ne ƙofa, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka zama masu riƙe da asusu. Cikin shekara 10, musamman bayan Sangaya na 1999, soyayya da waƙa da rawa suka kori wayar da kai gefe. An yi rubutu mai yawa kan tasirin finafinan Indiya a wannan sauyi, kuma tasirin yana nan, amma Indiya ta daɗe a silimun Kano kafin 1990. Abin da ya zama sabo shi ne hanyar da kuɗi ke bi ya iso hannun mai shirya wasa.

Saboda haka ɗalibin da zai yi hira da tsofaffin 'yan ƙungiyoyin wasa don kundin digirinsa, bai kamata ya tsaya ga tarihin rayuwa da jerin wasanni ba. Ya tambayi kuɗin mako da membobi ke zubawa, da wanda ke riƙe littafi, da abin da gidan talabijin ke biya a kan kowane shiri, da yadda ake rabawa, da wanda ke sayen sutura, da ko mace da namiji rabonsu ɗaya. Idan akwai tsohon littafin ma'aji a ƙasan akwati, ya roƙa ya gani. Ibro ya rasu a 2014, Ƙasimu Yero a 2017, Samanja a 2023, kuma kowannensu ya san amsar wasu daga cikin waɗannan tambayoyi.

8.0 Shafin 17 ga Fabrairu 1673

A hutun Ista na 1670 Louis Béjart ya yi murabus, ƙungiyar ta yanka masa fansho na fam 1,000 a shekara, wanda shi ne na farko a tarihinta, kuma aka ɗora rabin nauyinsa a kan sababbin shiga, Beauval da matarsa. Wato ƙungiyar ta fara tunanin rayuwa bayan waɗanda suka kafa ta. Shekara 3 bayan haka aka jarraba wannan tunani.

Ranar Juma'a 17 ga Fabrairu 1673 aka nuna Le Malade imaginaire karo na 4, Molière yana fitowa a matsayin mai ciwon ƙarya alhali ciwon gaske na cinsa. La Grange ya rubuta ranar da sunan wasan da ciniki, fam 1,219, kamar kullum. A ƙarƙashi ya ƙara cewa Molière ya rasu a gidansa da misalin ƙarfe 10 na dare, ya zana baƙar alama a gefe. Cocin da 'yan zuhudunta ke karɓar sadakar ƙungiyar ba ta yarda a binne shi ba sai da matarsa ta kai kuka ga sarki, aka binne shi da dare ranar 21 ga wata. Ranar 24 aka buɗe ƙofa da Le Misanthrope, Baron yana fitowa a gurbin marigayin, domin masu kaso ba su da albashin da za su zauna makoki a kansa.

Da hutun Ista mutum 4 suka koma gidan abokan gasa, sarki kuma ya ba mawaƙinsa Lully zauren da ƙungiyar ke ciki tun 1661. La Grange da Armande suka jagoranci sayen wani zaure daura da titin Guénégaud a kan fam 30,000, aka haɗe su da 'yan ƙungiyar Marais, suka buɗe a Yulin 1673 da Tartuffe. A 1680 sarki ya umarci a haɗa su da Hôtel de Bourgogne, aka sami Comédie-Française mai 'yan wasa 27. Kundin La Grange ya tsaya a 1685, amma littattafan sabon gidan sun ci gaba, kuma masana daga Faransa da Amurka sun zuba cinikin 1680 zuwa 1793 a kwamfuta, wasa fiye da 34,000. Cikakkun membobin gidan har yau da kaso ake lissafa rabonsu, kowane kaso an kasa shi gida 12.